Ga Gawayi, Ga Iska

In ka shiga Ƙofar Wambai ka ce kana neman Ya'u, za a tambaye ka wane Ya'un, don unguwar ba ta rasa masu sunan ba. Amma in ka ce Sannu-da-Hutawa, ko yaron da aka yaye jiya zai nuna maka rumfar da ke ƙofar maƙerar Malam Abdulsalam. Can za ka tarar da shi a kan benci, fartanyoyi da laujuna da wuƙaƙe jere a gabansa, ya ɗaga haɓa sama kamar mai duban watan Sallah. Baƙo yakan ɗauka girman kai ne. Ina girman kai ga Ya'u? Fatar idanunsa ce ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, in bai ɗaga kai ba ba ya ganin fuskar mai ciniki. Ya haura arba'in, kuma tun kafin a yi masa kaciya yake ɗauke da wannan suna.

Gidansu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni. Ubansa Malam Abdulsalam gajere ne mai faɗin ƙirji, wanda a zamanin ƙarfinsa in ya sauke masaɓa a kan uwar maƙera matan maƙwabta kan ji a cikin tukwanensu. Ba mugu ba ne, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Bai taɓa cin kwabon wani ba, bai taɓa sayar da fartanya mai tsaga ba. Mutum ne dai da duniyarsa duka ta tsaya a kan magana ɗaya da ya gada daga nasa uban: ga gawayi, ga iska, in wuta ba ta ci ba, a tuhumi mai zuga.

A maƙera kuwa aikin farko na ɗan gida zuga ne. Ya'u shi ne ɗan fari, don haka shi aka fara zaunarwa a bayan zuga-zugi. Yakan fara da zumuɗi, wuta ta yi ja, uban ya gyaɗa kai. Kafin ƙarfe ya nuna sai hannuwan su mutu. Ba gajiya irin ta kowa ba, wani zafi ne ke tasowa daga cikin tsoka kamar an zuba barkono, zuciya ta tashi, numfashi ya ƙi isa. Sai ya ruga bayan katanga ya amayar da kokon safe. In ya dawo ya tarar wuta ta yi baƙi, ƙarfe ya huce, uban na tsaye da awartaki a hannu yana kallonsa.

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci, Baba."

"Hancinka a toshe yake?"

"A'a."

"To ga gawayi, ga iska."

Ƙanensa Mansir, da ya tasa, ya zauna a wurin nan ya yi zuga daga hantsi har azahar yana waƙa. Nan aka sami ma'auni, aka auna Ya'u, aka ga bai cika mudu ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da ma'aunin ba, uwarsu Larai. Inna mace ce mai sanyin jiki, haka ake cewa, ana kauda kai. Daka kan gagare ta, in ta ɗebo ruwa sai ta jingina da bango tana haki. Kunnenta ya fara nauyi tun ba ta tsufa ba, daga baya ciwon suga ya same ta. Ita ce in yaron ya dawo daga amai takan jawo shi ta shafa masa damtse. Ita ce kuma ta dage, da kuka da ƙaurace wa tuwo, har Malam Abdulsalam ya rufe maƙera wata safiya ya kai yaron asibiti.

Kowa a unguwa ya riga ya gama bincikensa kafin su tafi: ƙarancin jini ne. A wurinmu ai duk wanda ya rasa ƙarfi jini ya rasa, a ba shi hanta da zogale, in ta yi tsanani a ƙara masa leda guda. Da an tarar haka ne, da Ya'u ya tsira. Aka ɗebi jini, aka duba fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji. Ma'aikacin da ya zuƙi jinin ya ɗaga sirinji wajen haske yana dariya.

"Baba, jinin yaron nan ya fi nawa kyau. Dubi yadda yake ja wur. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ko makaranta yake gudu."

Wannan raha ta mutumin da bai san su ba, wanda kafin azahar ya manta da su, ita ta yanke wa Ya'u hukunci. Uban ya taso shi a gaba har ƙofar maƙera. Nan ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni tawa ta haifi mai rarrafe." Wani mai jiran gyaran garma ya ga yaron ya zube a inuwa, ya ce masa sannu da hutawa. Aka yi dariya, suna ya kama.

Bahaushe bai bar wani hali na ɗan Adam ba gaisuwa ba. Mai aiki na da tasa, matafiyi na da tasa, mai jego da mai makoki kowa da tasa. Marar lafiya kuwa tasa ta fi kowace taushi: sannu, yaya jiki? Shi kuma ko yana bakin kabari ya ce da sauƙi. Gaisuwar nan ba magani ba ce, amma shaida ce, mai yin ta ya yarda kana ciwo. Wannan shaida ita Ya'u ya nema wurin ubansa tsawon rayuwarsa, ba gado ba, ba yabo ba. Shekarar da taifot ya kwantar da Mansir, Malam Abdulsalam ya zauna a gefen tabarmarsa da mafici a hannu, bini-bini ya ce, "Mansir, yaya jikin?" 'Yan dubiya na shigowa da lemu da madarar gwangwani. Ya'u na rakuɓe a bakin ƙofa, a ransa yana roƙon Allah ya ba shi taifot. Ya san saɓo ne, ya kuma roƙa.

Ba za a ce bai gwada sana'a ba. Ya je ɗinki, keken ƙafa ya kashe masa cinyoyi. Zamanin da acaɓa ke tashe a Bauchi ya karɓi babur, idon ya hana shi, ya mayar kafin ya kashe ɗan wani. Ya nemi aure sau ɗaya, uban yarinyar ya aiko da cewa su ba sa ba da 'ya ga wanda zai ci guminta. Daga ƙarshe aka ajiye masa benci a ƙofar maƙera ya riƙa sayar da abin da wasu suka ƙera. In azumi ya zo kuwa, kafin la'asar yana kwance kamar wanki, mutane na cewa ko ibada ma sai ya nuna hali.

Abin da ya ƙarasa raba shi da uban ya faru ne ranar da Inna ta rasu. An sallace ta da hantsi, aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta. Yadda aka saba, ba wanda ke riƙe makara har ƙarshe, wannan ya sa kafaɗa ya ɗan taka, wancan ya karɓe shi, kowa na neman ladansa. Ya'u ya kutsa ya karɓi kusurwar gaba. Uwarsa ce, kuma ciwo ya cinye ta, ba ta fi ƙunshin kara nauyi ba. Bai yi nisa ba zafin nan ya taso, gwiwa ta lanƙwashe. Makara ta karkata, likkafani ya zame har sai da wani dattijo ya tare da ƙirji. Salati ya tashi. Ya'u na durƙushe a tsakiyar hanya yana amai, jama'a suka raba biyu suka wuce shi. Ko binne ta bai gani ba.

A zaman makoki, gaban mutane, Malam Abdulsalam ya dube shi ya ce, "Ta ɗauke ka wata tara, ka kasa ɗaukarta taku tara."

Daga ranar ko faɗa ya daina yi masa. Faɗa ai ga wanda ake sa ran zai gyaru ake yi. Mansir ya karɓi maƙera, uban ya koma zaure a kan buzu da carbi, Ya'u yana bencinsa. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, suka shekara da shekaru ba abin da ke haɗa su sai ina kwana da lafiya lau. A cikin shekarun nan Ya'u ya kai inda shi kansa ya fara yarda da mutane. Wataƙila haka lalaci yake, wataƙila kowane rago zafin nan yake ji, sauran mutane dai sun fi shi zuciya ne. Wannan tunanin ya fi ciwon ci masa rai.

Wata Asabar da damina ta kusa, wata mata ta tsaya a rumfarsa tana neman fartanya mai sauƙin riƙo da za ta aika wa tsohuwarta a Bogoro. Ya ɗaga haɓa don ya ga fuskarta, ita kuma ta bar kallon fartanya ta koma kallonsa. Sunanta Roda, likita ce a babban asibiti, ɓangaren jijiyoyi. Hausarta irin ta mutanen kudancin jiha ce, wadda ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji.

"Malam, sannu. Yaya jiki?"

Ya'u ya waiga ya ga ko akwai wani a bayansa.

"Da kai nake. Idon nan, tun yaushe ya sauka haka?"

"Ya daɗe, Hajiya."

"Ni ba Hajiya ba ne, likita ne. Bi yatsana da ido, kar ka juya kai."

Ya gwada, ƙwayar ta ƙi tafiya gefe. Ta tambaye shi ko yana amai in ya yi aiki, ko tsokarsa na zafi, ko hawan tudu na gagararsa. Abubuwan da ya shekara arba'in yana faɗa ana dariya, ga wata baƙuwa tana jero masa su tun bai buɗe baki ba. Ta ce ya same ta ranar Talata. Ta biya kuɗin fartanya ta tafi.

Binciken ya ɗauki lokaci. Ta sa shi hawa bene da sauka ana ɗibar jininsa, aka duba zuciya, aka duba kunne. Daga baya ta ce akwai wani bincike da suke yi tare da wasu likitoci na nesa, in ya yarda za ta yanki ɗan nama daga cinyarsa, bai kai ƙwayar wake ba, a aika. Ya yarda. Ya dawo gida yana ɗingishi da bandeji, unguwa ta sami abin taɗi: Sannu-da-Hutawa ya je neman takardar hutu. Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta kawo kai, sannan aka kira shi.

Likita Roda ta rufe ƙofar ofis ta jawo kujera kusa da shi.

"Malam Ya'u, kai ɗan maƙera ne, za ka gane. Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya gani. A cikin kowane ƙwaya akwai maƙera, ba ɗaya ba, da yawa. Mu muna ce masa maitokondiriya."

Ya ɗan yi murmushi. Maƙera ta biyo shi har cikin tsoka.

"Tuwon da ka ci shi ne gawayi. Amma jiki ba ya ƙona shi lokaci ɗaya kamar wutar kara, da mutum ya babbake. Sai ya zare wasu 'yan tartsatsi daga abincin ya ba ma'aikata da suke jere a bangon maƙeran. Na farko ya karɓa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa gaba. Suna miƙawa suna amfani da ƙarfin tartsatsin suna tura wani abu, ka ce ruwa ne, zuwa bayan bango. Ruwan ya taru kamar na dam ɗin Gubi. Ba shi da hanyan dawowa sai ƙofa ɗaya, a ƙofan kuma akwai ɗan inji. Ruwa yana wucewa yana juya injin, injin yana ƙera ƙarfin da kake ɗaga hannu da shi, har da na buɗe ido. Na ƙarshe a layi kuma, iskan da ka shaƙa yake miƙa wa tartsatsin. Aikin numfashi ke nan, ba wani abu ba."

"To ni fa, likita?"

"Kai, wasu daga cikin masu miƙawan nan da rauni aka haife su. Abinci ya zo, iska ya zo, layi ya tsaya. Iskan ya zaga jikinka ya koma yadda ya zo, ba wanda ya karɓa."

"Shi ya sa jinina yake ja wur?"

Ta dube shi da mamaki. "Yana iya zama haka. Wa ya gaya maka?"

"Wani ne ya taɓa yaba shi."

"In tsoka ya rasa wannan hanyan, sai ya bi wani gajere da yake barin tsami. Tsamin ne yake ƙona ka, yake sa ka amai. Ba lalaci ba ne, Malam Ya'u. Abin da wani zai yi yana hira, kai da dukan ƙarfinka kake yi."

Ya'u bai ga dam ba, bai ga inji ba. Makara ya gani tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, da kafaɗa ɗaya da ta faɗi. A hankali ya ce, "Ga gawayi, ga iska, kuma ba laifin mai zuga ba ne." Likita ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba, don ta ga ƙaton mutum yana kuka kamar yaro. Ta ce babu maganin da ke warkarwa, sai lallaɓawa: kada ya zauna da yunwa, kada ya matsa wa jiki, a riƙa duba zuciya da suga, ya nemi fatawa a kan azumi. Rashin maganin ko a jikinsa. Shi a ransa ya riga ya isa zaure, ya durƙusa gaban buzu.

"Saura magana ɗaya," in ji ta. "Mamanka yana ji da kunne sosai kafin ya rasu?"

"Kunnenta ya yi nauyi."

"Suga fa?"

"Shi ya kashe ta."

Ta gyaɗa kai. "Maƙeran nan daga uwa kaɗai ake gadonsa. Uba ba ya ba da ko ɗaya. Irin naka, mun duba, na gado ne. Kai ko ka haifi ɗari ba za ka ba su ba, ƙanenka ma haka. Amma in kana da 'yar'uwa mace, shi zai iya ba yaransa, yaransa mata su ba nasu. Wani zai yi ciwo sosai, wani kaɗan, wani har ya tsufa ba zai ji komai ba. Ba wanda zai iya faɗa maka wanne ne wanne. Kana da ƙanwa?"

Yana da ƙanwa, A'i, autarsu, tana aure a Ɗan Iya, da 'ya'ya mata uku. Babbar, Yelwa, an sa ranarta bayan babbar Sallah.

Daga asibiti can ya nufa a Keke Napep. Ya tarar da A'i a tsakar gida tana tsintar shinkafa, akwatunan kayan ɗaki jibge a baranda. Ya zauna ya faɗa mata komai, yadda ya iya. Tana saurare ta juyo masa kunnen dama, kamar yadda Inna take yi. Bai taɓa lura ba sai ranar.

Da ya gama ta ajiye tiren. Sannan ta ce, "Yaya, ka yafe mini. Ni ma na sha faɗa a bayanka."

"Ya wuce."

"Wa ka gaya wa?"

"Ke ce ta fari. Daga nan wurin Baba zan je."

Ta runtse ido. "Ka san Baba. In ya ji ya zalunce ka ba zai nemi gafara a ɗaki ba. A masallaci zai miƙe bayan sallah ya faɗa wa kowa, don a gaban mutane ya ci maka fuska."

"Na sani," in ji Ya'u. Abin da yake so ke nan, ya ma riga ya ji muryar a kunnensa.

"In ya faɗa da asuba, kafin azahar magana ta kai kasuwar Muda Lawal. Kuma ba wanda zai ce maito-me-ne. Cewa za a yi Larai ta shayar da 'ya'yanta mugun nono. Ka san abin da dangin miji ke bincike kafin aure, kuturta, hauka, farfaɗiya. Za a ƙara namu a kai. Yelwa, da ƙannenta, da 'ya'yan da ba su haifa ba."

"Sai in ce ciwo ne kawai, in bar zancen gado."

"Baba zai yarda bai ji daga bakin likita ba? Shi da ke cewa gani ya kori ji? Da sandarsa zai je. Ko ita ta rufa mana asiri, yaron da zai auri Yelwa a ɗakin gwajin jini yake aiki. Sunan ciwon kawai zai ji."

"Likita ta ce ya kamata yaran su sani, A'i."

"Za su sani. Ni zan gaya musu, in lokaci ya yi." Ba ta dube shi ba da ta faɗi haka, shi ma bai tambaye ta yaushe ne lokacin ba. Ta share ido da bakin zane. "Ban ce kada ka faɗa ba, Yaya. Haƙƙinka ne, ka daɗe kana jira. Amma magana zarar bunu ce."

Sai ga Yelwa ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, tana ta zumuɗin nuna masa atamfar anko. Yarinya ce mai ƙarfi, ta ɗauki akwati guda ta ɗora a kan wani tana dariya. Ya kalli idanunta da kyau. A buɗe suke tar.

A hanyar komawa ya yi ta juya abin, bai sami gefen da ba ƙaya ba. Ko daidai ne a rufe wa mai neman Yelwa da danginsa, Ya'u bai sani ba, zuciyarsa ma ta fi karkata ga ba daidai ba ne. Abin da ya sani shi ne, in ya wanke kansa Inna zai shafa wa dauɗar, matar da aka kira mai sanyin jiki har ta koma ga Allah ba wanda ya ce mata yaya jiki sai da ta kwanta ciwon ajali. Ya ji haushin A'i, ya ji tausayinta. Ya ji haushin likita ma, da ta ba shi ruwa a cikin rariya.

Ana idar da la'asar ya iso. Hadari ya haɗo daga gabas, Mansir ya kashe wuta ya tafi. Ya'u zai wuce bencinsa sai ya ji an kira shi daga zaure.

"Ya'u."

Rabon da uban ya kira sunansa har ya manta. Ya shiga ya durƙusa. Malam Abdulsalam ya tsufa ƙwarai, ƙirjin nan ya zube, hannun da ke ɗaga masaɓa yanzu carbi ma rawa yake sa shi.

"An ce yau za ka karɓo sakamako."

"E, Baba."

"Zauna sosai." Tsohon ya ajiye carbi. "Tun ranar da matar nan ta yanki naman cinyarka ban sami natsuwa ba. Na ce a raina, likita ba ya yankan mai lafiya. Na yi ta tuna abubuwa. Na tuna ranar uwarka, da abin da na faɗa." Ya gyara zama. "Ni na kusa, Ya'u. Ba na son in je gaban Allah da haƙƙin ɗana a wuya. In akwai ciwo a jikin nan ka faɗa mini. Wallahi ba zan kai gobe ba sai na tsaya a gaban jama'a na ce ni ne mai laifi."

Ga ta nan, an kawo masa har gabansa, abin da ya roƙa tun yana bayan zuga-zugi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita. Ya ɗaga haɓa ya dubi uban, ya ga tsoro ƙarara a idon tsoho, irin na wanda ke jiran alƙali.

"Ta ce ba ta ga komai ba, Baba."

"Ba komai?"

"Ta ce lafiyata ƙalau."

Malam Abdulsalam ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya ɗaga hannuwa biyu ya shafa a fuska, har da ɗan murmushi.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe ban zalunce ka ba."

"Ba ka zalunce ni ba, Baba."

"To madalla." Ya jawo carbinsa, muryarsa ta koma irin ta kullum. "Tashi ka shigo da kayan nan kafin ruwa ya sauko, kada su yi tsatsa."

Ya'u ya dafa bango ya miƙe. Ya fita rumfa, iska ta fara kaɗa buhun da aka yi inuwa da shi. Ya sunkuya ya ɗauki fartanya ɗaya, don biyu sun fi ƙarfinsa, ya kai ciki, ya dawo ya ɗauki wata.